Direban da Ba Shi da Mota

Shagona na bayan Tashar Dukku,
faɗinsa tabarma biyu, rufinsa kwano.
Direbobi ɗari na danna ham a ƙofata,
ni kuwa guda ɗaya nake nema,
wanda ba ya shan mai, ba ya jiran fasinja.

Baba Yila ya iso daga Kaltungo da hantsi,
kwamfuta a hammata, naɗe cikin tawul,
murfinta ɗaure da robar taya.
Masu manhajar kuɗi sun ce ta tsufa, a yar.
Na zuba mata ta gayya,
wadda hannu dubu suka dafa,
ba kwaɗo, ba rasit, kowa na iya leƙa tukunya.
Ta tashi garau, allo ya washe,
linzami na gudu kamar ya tsere wa tarko.
Amma baki?
Shiru kake ji, malam ya ci shirwa.

Na ƙure ƙara har ƙarshen ma'auni.
Koren layi na tsalle, sama, ƙasa,
bebe ne ke rantsuwa da hannu.
Na soka abin kunne, tsit.
Na jona lasifikar maƙwabci, tsit.
Na zare, na hura ramin, na mayar,
kamar iskar bakina ta san wani abu.

Na ce, Baba, ba ciwo ba ne, rashin tafinta ne.
Akwai ɗan ƙarfe a cikinta, bai kai ƙwayar gyaɗa ba,
shi ke riƙe da maƙogwaro.
Kamfani ya koya masa yare
ya kulle ƙamus a durowa, ya haɗiye makulli.
Manhaja na sallama, shi yana kallon ƙasa.

Ya ce, yaro, ni ba kiɗa na zo ji ba.
Minti goma sha ɗaya ne a ciki,
muryar mahaifiyata, damina kafin ta tafi.
Ya ajiye mini goro biyu, ya ce sai gobe.

An ɗauke wuta bayan isha'i.
Na roƙi waya daga janaretan Gidado mai shayi,
na zauna ina sauya layi, ina kashewa, ina kunnawa,
sauro na karɓar harajinsa a idon sawu.
Wajen ƙarfe biyu na ci karo da sawun wani,
sunansa ya fi ƙarfin harshena,
garinsu ko a taswira sai na lalubo.
Shekara bakwai da suka wuce
ɗan ƙarfen nan ya hana shi barci shi ma,
ya bar rubutu a gefen aikin:
muryar tana fita,
amma ta ƙofar da ba a gina ba.

Lamba ɗaya na canza. Ɗaya tak.

Sai shuuu, kamar ruwa a kan kwano.
Sai zakara. Sai taɓarya.
Sai wata tsohuwa ta cika shagon,
ta kunnen hagu kaɗai,
da Tangalanci,
ban tsinci ko kalma guda ba.
Na zauna gabanta tamkar kwamfutar ɗazu,
layin ƙirjina na tsalle, bakina a rufe.

Da safe Baba ya kara kunne jikin lasifika.
Ya daɗe. Kafaɗunsa suka soma girgiza,
na ɗauka kuka ne, na kau da kai.
Dariya ce.
Me take cewa, Baba?
Faɗa take, wai wa ya bar akuya ta shiga wake.
Ni ne na bar ta, in ji shi,
ya share ido da bakin tawul.
Ya riƙa fassara mini jimla-jimla
har Gidado ya bar tukunyarsa ya matso.

Kunnen dama har yau bai buɗe ba.
Lambar dai na mayar rumbun gayya,
na sa: Bappayo, Gombe, hagu ya yi.
Wanda ya san dama, ga wuri.